Kwalin Gaske, Ƙwayar Ƙarya

Akwai wata safiyar damina da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ni ke kula da ɗakin magani a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bakura, ba a daɗe da fara kawo mana maganin zazzaɓin cizon sauro mai ɓoyayyar lamba ba. Ga wanda bai sani ba, a jikin kwalin akwai wurin kankarewa irin na katin waya. Ka kankare, ka tura lambar ta saƙon tes, a amsa maka ko na gaske ne. Kowane kwali da lambarsa.

Wani makiyayi, Malam Jaɓɓi, ya kawo matarsa daga wajen Birnin Tudu, jiki zafi rau, ko zama ba ta iya yi. Da muka gaisa ya miƙo mini kwalin maganin da ya sayo mata a wani shago.

"Likita, ta kusa shanye wanga, amma ciwo sai gaba shikai. Kuma mai shagon ya gwada min saƙo ga waya tai, anka ce mai kyau na."

"Kai ka kankare, Malam?"

"A kankare na ishe shi. Ya ce ya hutasshe ni."

Na tura lambar. Amsa ta zo cewa ta gaske ce, amma an riga an yi amfani da ita. Na yi ta jujjuya kwalin. Bugun rubutu da tambarin kamfani duk daidai, sai dai bakinsa an sake liƙe shi da gam, kuma ranar lalacewar da ke jikin ledar ƙwayoyin ta saɓa da ta kwalin.

Na kai wa shugabarmu, Hajiya Asabe. Sai da ta ba matar gado, ta sa aka fara mata allura, sannan ta dube ni.

"To kwalin gaske ina masu jabun suka samo shi?"

Tambayar nan ta hana ni sukuni. Da na tashi aiki na zaga ramin shararmu. Ga kwalayen maganin tari da na ciwon ciki, ruwa ya jiƙa su, amma na zazzaɓi ko ɗaya babu. Na tambayi maigadi, ya ce wani mai babur kan zo ya tsince su, wai na hura wuta ne. Da na kira abokan aiki a Maradun, ashe can ma ranar kasuwa mai babur ɗin yakan bi shaguna yana roƙon kwalayen.

Hajiya ta kai rahoto wurin jami'an kula da ingancin magani, mu kuma muka fara yayyaga kowane kwali kafin a zubar. Mai babur ban sake jin labarinsa ba. Matar Jaɓɓi ta koma gida da ƙafarta.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan: lambar nan, kwali kawai take shaida, ba ta ganin abin da ke ciki. Kada ku kankare wa kowa. Ku miƙa masa a rufe, ya sa farcensa da kansa.