Ranar da Na Ce Ban San Yaya Yohanna Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Yaya Yohanna. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne na fari, ni ce auta. Na fara da wannan ne domin akwai ranar da aka tambaye ni a bainar jama'a, na ce ba haka ba ne.

Mutanen Sabon Gari sun san shi a gidan burodin da yake aiki, inda yake saɓa buhun fulawa biyu a tashi ɗaya. Amma abin da ya sa a ransa shi ne jifan dalma, wasan nan da mutum ke tsayawa cikin 'yar da'ira, ya dafe dunƙulen ƙarfe a gindin wuya, ya tunkuɗa shi iya ƙarfinsa. Dokarsa da tsauri. In ƙafa ta ƙetare katakon da ke bakin da'irar, alƙali zai ɗaga jan tuta, jifan ya tashi a banza komai nisansa. Kullum in ya tashi aiki sai ya wuce wani fili a Dogarawa. Shi ne mai jifa, shi ne mai ɗaukowa, shi ne mai awo da wata igiya da ya ƙuƙƙulla.

Ina aji biyu a jami'a a Samaru aka zaɓe shi cikin masu wakiltar ƙasa a wata gasar ƙasa da ƙasa. A coci aka kira shi gaba aka yi masa addu'a, matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ban faɗa wa kowa a makaranta ba. Lokacin ina fafutukar shiga cikin 'yan matan Kaduna da Abuja masu Turanci ta hanci, kuma yaya mai ɗaukar buhu bai dace da labarin da nake ba su na gidanmu ba. Duk Lahadi in an tashi sujada yakan kawo mini burodi mai zafi, ni kuma in yi sauri in tare shi tun a babban ƙofa, kada ya ƙaraso ɗakin kwananmu.

Ranar gasar, da la'asar, ɗakin kallo ya cika. Gudu aka zo kallo, jifan dalma ana ɗan leƙa shi ne a tsakani. Sai ga Yaya a talabijin, cikin wasu ƙattai da suka mayar da shi kamar ƙaninsu. Jifan farko, jan tuta. Na biyu, jan tuta. A na uku ƙarfin jifan ya kwashe shi, ya faɗo waje ya dafa ƙasa da hannu biyu. Ɗakin ya ɗauki dariya. Aka rubuto sunansa a ƙasan allon, haɗe da sunan mahaifinmu. Wata ƙawata Zainab ta taɓo ni.

"Rifkatu, sunan babanku ne fa. Ba brother ɗinki ba ne?"

"Allah ya kiyaye," na ce. "Suna ne ya zo ɗaya."

Na yi dariyar tare da su, har na fi wasu ɗaga murya. Da na waiga sai na ga Lami, wata ɗaliba 'yar cocinmu, ta miƙe ta fita.

Bayan ya dawo na yi Lahadi biyu ban je sujada ba, ban kuma fita babban ƙofa ba. A ta uku aka ce ina da baƙo. Na sauko tare da su Zainab, sai na gan shi tsaye da ledar burodi. Nan take suka gane shi.

"Lah, ba kai ne na talabijin ba? Rifkatu, ashe kin san shi!"

Bai ko dube ni ba. Cikin ladabi ya ce da su, "Unguwarmu ɗaya ne kawai. Saƙo aka ba ni daga gida in kawo mata." Ya miƙo mini ledar da hannu biyu, kamar yadda ɗan aike ke yi, ya juya. A nan na san Lami ta kai labari. Ƙafa ashirin ba ta raba mu ba, da na ce "Yaya" da ya ji. Na tsaya riƙe da burodin yana ƙona mini tafin hannu, har ya sha kwana.

Bai fasa zuwa ba. Har na gama makaranta, duk Lahadi yana tsallaken titi wajen mai shayi yana jirana. A Sabon Gari suka laƙaba masa Jan Tuta, yana amsawa. Ranar aurena shi ya shiga da ni coci, don lokacin Baba ya rasu. Sau ɗaya tak na kusa buɗe maganar. Muna cin tuwo a gidansa, na tambaye shi abin da ya faru a can.

Ya ce, "Da na jefa yadda na saba, da na zo na ƙarshe lafiya lau, ba mai yi mini dariya. Na ga inda nasu ke sauka, na ce ban zo tun daga Zariya don in jefa abin da na riga na san zan jefa ba."

Ban haƙurin yana bakina. Abin da ya fito shi ne, "In ƙaro maka miya?" Shekara biyu bayan haka hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki. Kwana uku ya yi a asibiti, bai ƙara magana ba.

Filin Dogarawa yanzu shaguna ne. Masu jifan zamani ma sun canja salo, juyi suke yi kamar katantanwa kafin su saki ƙarfen. Bana na kalli gasar a waya, a ofishin malamai na makarantar da nake koyarwa. Wani bawan Allah daga wata ƙasa ya sha jan tuta sau uku, kafin a tashi makaranta an haɗa faɗuwarsa da kiɗa ana ta turawa. Na gode wa Allah da Yaya bai zo a wannan zamani ba. Daga baya na ga don kaina nake godiyar, ba don Yaya ba. Shi na san abin da zai yi: ya karɓi wayar, ya mayar baya sau goma yana duban inda ƙafar hagun mutumin ta sauka, ya ce ai kaɗan ya rage.

Bai bar lambar yabo ba, bai bar suna a littafin kowa ba. Rigar gasar ma ta tsufa a jikinsa wajen aiki. Abin da ya rage nasa yana wurin matarsa, Anti Saratu, da ke zaune a Hanwa. Makon jiya na je na gaya mata zan rubuta wannan, na fara ba ta labarin ɗakin kallo ina inda-inda. Tana gyaran wake, ba ta ɗago ba.

"Na sani tun ranar," ta ce. "Na yi fushi, na ce kada ya ƙara kai miki ko gutsure. Kin san me ya ce? Wai in ƙyale ki. Wai ranar nan shi kansa, da akwai yadda zai ce bai san mutumin da ke cikin talabijin ba, da ya ce."

Ta turo mini faifan waken, ta ce in taya ta, baƙin addu'a sun kusa zuwa.