Wanzamin da Ya Ƙi Yi wa Lami Ƙaho

Kabo wanzami ne na Kusada, kuma wanzancin gado ne a gidansu. Gajere ne, ga baki, idan ya kama kan mutum ba ya saki sai ya ba shi labarin kasuwar Kankia kaf. Shi ne wanzamin gidanmu tun zamanin kakana. Askin suna, kaciya, ƙaho, duk nasa ne, da kaka kuma a kai masa daminsa na gero.

Ana cikin zamanin Turawa wani likita Bature ya sauka a Kankia yana binciken abin da ke sa matan ƙauye ƙarancin jini. Ya zo da zomaye a keji. Yana tace wani abu daga saifa, wanda ya ce shi ke ajiye sinadarin ƙarfe mai gina jini a jikin mutum, ya yi wa zomo allurarsa. Bayan 'yan makonni jinin zomon ya koyi gane abin. Da wannan jinin yake son ya auna ajiyar ƙarfen mutane. To, ɗibar jini daga kunnen zomo na son hannu mai sanyi, sai aka nuna masa Kabo.

Kusada ta sha dariya. Ana cewa wanzamin manya ya koma wanzamin zomaye. Kabo bai damu ba, shi dai tambaya yake ta yi, har ya gajiyar da Malam Dawuda, ma'aikacin asibiti mai yi musu tafinta. Ko binciken ya kai inda ake so, ban sani ba, don Baturen bai daɗe ba ya tafi. Amma Kabo ya dawo da abu biyu. Ya gane cewa jiki na da rumbun ƙarfe, kuma duk jinin da ya fita daga rumbun ake biyansa. Ya kuma koyi jan fatar ido ƙasa ya duba. In ta yi ja, akwai sauran ajiya. In ta yi fari, rumbu ya ƙare.

A shekarar aka haife ni. Uwata Lami ta zubar da jini sosai wurin haihuwa. Tun kafin suna ta fara jiri, ƙafa ta kumbura, in ta miƙe sai ta dafa bango. Kakata Kubura, uwar babana, ta ce mataccen jini ne ya kwanta mata, ta aika a kira Kabo. Ba mugunta ba ce. Ita ma haka aka yi mata, kuma tana son surukarta.

Kabo ya zo da zabirarsa, ya durƙusa ya gaida ta, sannan ya ja fatar idon uwata. Fari fat. Ya mayar da ƙahonin cikin zabira.

Ya ce, "Inna, yarinyar nan ba ta da jinin da za a ɗiba. In na kafa mata ƙaho, ɗan abin da ya rage ne zan kwashe."

Kakata ta ce, "Kai Kabo, mi ka sani? Ubanka ya yi mani ƙaho ina jego, ga ni nan da raina. Zomayen Nasara ne suka hwaɗa maka?"

"Su ne, Inna. Ki gafarce ni, hannuna ba zai taɓa ta ba."

"To, ka tahi da zabirarka. Gidan nan ya gama da kai."

Ya san abin da maganar ke nufi, domin wanzamin da aka kora daga gida ɗaya, maƙwabta ma suna janye kai. Bai tafi gida ba. Ya samu babana a gona ya roƙe shi, don Allah, ya hana kowane wanzami taɓa matarsa. Babana mutum ne mai jin maganar uwarsa, amma ranar ya tsaya ya hana. Kabo ya taka har Kankia ya karɓo ƙwayoyin ƙarin jini wurin Malam Dawuda, ya biya wurin mahauta ya sayo hanta, ya ba tasa matar ta riƙa kawo wa uwata kamar ta zo barka.

Ranar suna wani wanzami daga Kunduru ne ya aske ni, shi ya tafi da rabon nama. Da kaka ba a kai wa Kabo dami ba, gidaje da dama kuma suka bi sahu. Uwata ta daɗe tana jan jiki, amma kafin a yaye ni ta koma daka da kanta. Kakata ta ce kunun kanwa ne ya tashe ta, har ta bar duniya kuma ba ta sake kiran sunan Kabo ba. Kabo ya tsufa da ƙarancin kawunan aski, yana jan idon kowa kafin ya ɗauko ƙaho. Ina ƙaunar mutumin nan, kuma har yau ina jin haushin yadda ya ƙare da ɗan abin hannu.

Uwata ta yi tsawon rai, ta ga jikokin jikokinta. Da ta rasu, tsohuwar da ta yi mata wanka ta fito tana mamaki. Ta ce duk sa'o'insu ba ta taɓa wanke wadda bayanta ba shi da tabon ƙaho ba sai Lami. Ta tambaye ni wane irin wanzami gidanmu ya yi, da ya bar mace haka.

Na ce mata Kabo ne.