Mai Walda da Tsohon Turanci

Mai Walda bai yi nisa a boko ba. Yana firamare mahaifinsa ya rasu, aka kai shi koyon sana'a, ya girma cikin tartsatsin wuta yana haɗa ƙofofi da tagogi. Turancinsa na ciniki ne kawai. A cocinsu kuwa da Turanci ake sujada, domin kowa da yarensa, kuma tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ake karantawa, mai irin Turancin da Turawan ma suka daina yi tun zamanin kakanninsu. Shekara da shekaru yana zaune a bencin baya, yana cewa amin duk inda ya ji an ce.

Matarsa ungozoma ce, ita ta kawo sabuwar fassara mai sauƙin Turanci gida. In ya dawo daga shago ya wanke hannu, sai su zauna a tsakar gida tana bin layi da yatsa, yana karantawa. Ranar da ya fara gama sura shi kaɗai, ya ɗago ya ce, "Au! Ashe lallashinmu ake yi? Ni duk zatona faɗa ake mana!" Ta yi dariya har da hawaye.

Da ciwo ya kwantar da ita, shi ya riƙa yi mata karatu. Ta roƙe shi, in ta cika, shi da kansa zai karanta zaburar da ta fi so, daga littafin nan nasu.

Ran jana'iza coci ya cika maƙil. Ya tashi da littafin a hannu, sai yayan marigayiyar, tsohon malamin makaranta kuma dattijon ikkilisiya, ya tare shi a gindin mumbari.

"Ba da wannan ba, ƙanena," in ji Dattijo a hankali. "Wannan Turancin kasuwa ne. Ba a binne 'yar gidanmu da shi."

"Yaya, ita ta ce..."

Kafin ya rufe baki an zare littafin, an ɗora masa tsohon. Ga gawa a gaba, ga idon jama'a, ya rasa yadda zai yi. Ya fara, harshensa ya sarƙe a kalma ta uku. Wani daga baya ya gyara masa da ƙarfi. 'Yan mawaƙa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Dattijo ya matso ya ƙarasa karatun da muryarsa mai amo, shi kuwa yana tsaye a gefe kamar ɗalibin da aka hukunta.

Bayan an watse daga zaman makoki Dattijo ya same shi a shago, ya ce ai rufa masa asiri ya yi.

Mai Walda ya kashe injin, ya cire tabarau. "Asirin wa ka rufa, Yaya? Ƙanwarka ta roƙi abu ɗaya tak, ka hana ta, don kunnenka ya ji daɗi! Cikin mutanen nan, su nawa suka gane abin da ka rera? Shekarun da na yi ina zama a cocin nan kamar kurma, ka taɓa tambayata ko ina fahimta?"

"Maganar Allah tana da kwarjininta."

"Kwarjini! Allah ya yi magana don a ji ne, ko don ku nuna kun yi makaranta?"

Bai bar cocin ba. Amma duk taron ikkilisiya sai ya ɗaga hannu ya ta da maganar, har aka laƙaba masa Sarkin Ƙorafi. Mata masu talla da direbobi suka fara mara masa baya. Daga ƙarshe dattawa suka gaji, suka yarda a riƙa karatu na biyu da sabuwar fassara. Fasto ya zo da fara'a ya ce Mai Walda ne zai buɗe karatun.

"Ku ba wani," in ji Mai Walda. "Wadda na yi wa alkawari tana cikin ƙasa."

Yanzu furfura ta cika masa kai, 'ya'yansa sun yi ta ƙoƙarin sasanta shi da kawunsu, abin ya faskara. Bara ƙofar gidan Dattijo ta ɓalle, ya je ya gyara ta tsaf, saboda yaran. Aka kawo masa ruwa, ya ce ya gode, ya tattara wayoyinsa ya tafi bai sha ba.