Kwalekwalen da Malam Ya Liƙe

Can ƙololuwar wani dogon bene muke zaune a Cheras, wata unguwa a ƙasar waje, gidan da ko shanya sai ta taga. Malam, maigidana, yana fama da karatun digirinsa na uku, ni kuwa ina wuni da bango huɗu da ƙarar fanka. Kewar ƙasar takawa ta dame ni, har nakan yi kuka ba dalili.

Ana haka ya sayo kwalekwale a hannun wani tsoho ɗan Sin, maƙwabcinmu. Kwalekwalen fari ne, ƙarami, da dogon ƙarfe da ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura, yana ɗare kan amalanke mai taya biyu da mota ke ja. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Mutumin da ko a kududdufin unguwarsu bai taɓa iyo ba!

Sai ga shi ni ce na fara tarewa a ciki. A ƙarshen filin motoci ake ajiye shi, gindin wata bishiya mai zubar da furanni rawaya. Da hantsi nakan sauko da darduma da shayi, in haye, ina gyaran alayyahon da na sayo a kasuwar Chow Kit. Jirgin ƙasa ya wuce ta kan gada, gajimare ya bi bayansa, sai in ji kamar ni ce ke tafiya a hankali, ban san ina ba, ban kuma damu ba. Ya zame mini tsakar gida, kuma na so shi ƙwarai.

Malam kuwa kiwonsa yake kamar ragon layya, yau wanka gobe guga. Ran nan ya hango wata 'yar huda ta baya. To a wurinmu mazubi in ya huje liƙewa ake yi, bokiti ne ko randa. Ya samo gam ya toshe ta tsaf, yana ta cika mini baki. Sai mura ta kwantar da ni, ruwan garin nan kuma ba ya fashi. Ranar da na sauko na tarar da kwalekwalen cike fal, sama kwance a cikinsa da gajimarenta, furanni na yawo, tsutsar sauro na rawa. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai ta nan ruwan sama ke fita, a kan tabki kaɗai ake sa mata marfi.

Masu kula da benen ba su yi dariya ba, don tsoron zazzaɓin sauro. Suka ce a fitar da kwalekwalen.

“Malam, ka roƙe su mana.”

“Hajiya, na yi try. Sun ce tak boleh, wato ba zai yiwu ba, final. Akwai store a bakin tabki, amma a rufe ake jera su. In kina son zama ciki, sai dai on the water.”

Ni da ke tsoron ruwan baho! Haka aka kai shi can aka ajiye. Na yi kwanaki ina leƙen gurbinsa ta taga, zuciyata na suya.

Wata Asabar da safe muka ja shi zuwa tabkin, tsohon na biye don koya wa Malam. Na ɗaure rigar kariya a kan hijabi, na yi bisimilla, na shiga ido rufe, na ƙanƙame katako. Na ji ƙyallen ya yi fat-fat, sannan ya cika, komai ya yi tsit sai ruwa na lasar gefe. Da na buɗe ido gaɓa ta yi nisa, iska na shiga hannun rigata.

Malam ya dubi yadda na ƙanƙame katakon.

“Mu juya?”

Na saki katakon da hannu ɗaya, na share fuskata.

“Wallahi ka juya, sai dai ka koma kai kaɗai.”