Layin da Ya Raba Titin Glenda

A titinmu na garin Grimsby a Ingila aka haifi Glenda Pickersgill, a nan kuma ta tsufa. Tana barin makaranta ta shiga masana'antar kifi, tana feɗewa a tsaye cikin ruwan sanyi har yatsunta suka kanannaɗe. Mijinta ya rasu da wuri, ba su haihu ba. Mace ce mai rufa wa kanta asiri. Ko da shayi da burodi ta kwana, da safe za ta goge dokin ƙofarta tas, ta fito da jan-baki.

Gidan Noreen Haigh yana kallon nata. A tebur ɗaya suka yi aiki a masana'antar, kuma tun suna 'yan mata Glenda take ganin ta fi Noreen tsabta da tattali.

Wata shekara hukuma ta auna talaucin garin unguwa-unguwa: marasa aikin yi, masu jinya, gidajen da ba a iya ɗumamawa. Da aka zana iyaka, sai layin ya bi ta tsakiyar titinmu. Ɓangaren Noreen ya faɗa cikin mafiya talauci, namu ya tsira da ƙyar. Kafin sanyi ya shigo, ma'aikata suka zo suka sa wa gidajen tsallake sababbin tagogi da injin ɗumama ɗaki, kyauta.

Ni maƙwabciyar Glenda ce, katanga ɗaya muke. Wata rana na same ta a bayan labule, sanye da rigunan sanyi biyu.

"Dubi Noreen," ta ce, "ta fito da riga mai gajeren hannu! Matar da ba ta taɓa wanke taga ba, ita aka ba sababbi."

Glenda da ba ta taɓa roƙon kowa ba, sai ga ta a ofishin hukuma tana rantsuwa cewa ita talaka ce. Ta faɗi ruɓewar bangonta, ta nuna yatsunta. Ma'aikacin ya ce, "Madam, ba mutum ɗaya-ɗaya muka auna ba. An haɗa ɓangarenku da sababbin benayen bakin ruwa, masu hali sun yi yawa a lissafin."

"To su masu halin su zo su kwana a ɗakina mana!"

Ta dawo ta daina gaisa Noreen. Ta ce tagogin sun yi kama da na asibiti, ta ce irin wannan zafin ciwon kai yake sawa. Sai mura ta kwantar da ita. Noreen ta tsallako da miya a kwano, ta tsaya a kanta.

"Tashi, tsohuwar banza, mu je ki sha ɗumi. Gidan nan ya fi firijin masana'anta sanyi."

"Ba na buƙatar sadaka."

"Wa ya ce sadaka ce? Abokiyar karta nake nema."

Glenda ta bi ta. Har sanyi ya wuce, kullum da rana tana can a kujerar da ta fi kusa da bututun ɗumi, tana kushe labule, tana kushe shayi. Ba ta taɓa yin godiya ba, Noreen kuma ba ta nema ba. Duk ranar da Noreen ta ci karta, Glenda takan watsar da tata a tebur ta ce, "Wannan ma hukuma ce ta ba ki."