Ƙundun Zakara

A gidanmu na Ƙofar Kaura, duk ranar da aka ba yara hutun ƙarshen shekara, maigidana, wanda nake kira Malam, yakan sayo zakara. Kowa ya san ƙundun kaza na maigida ne, mace ko yaro ba ya kai masa hannu. Amma Malam ya kafa tasa al'adar: a wannan rana kaɗai yakan bar ƙundun ga wanda ya fi ƙoƙari a makaranta cikin 'ya'yanmu biyu. Shekara da shekaru babban, namijin, shi ke cinyewa. Sai ya riƙa taunawa a hankali yana kallon ƙanwarsa, don dai ta ji haushi.

Shekarar da soja suka koma bariki, yarinyar ta ci alwashi. Tana aji huɗu a firamare. Tana wanke-wanke tana rera bakwai sau takwas, tana shara tana haddar sunayen jihohi, har na fara gajiya da jin muryarta. Sai kuwa ga shi ta zo ta ɗaya, wan nata ƙwallo ta ja shi can ƙasa. Ta faɗo gida da gudu, ɗankwali a hannu, ko sallama babu. Abin da ta fara tambaya shi ne ko an yanka.

Na soya zakaran, na ware ƙundun a ƙaramin kwano na rufe. Ta yi wanka, ta sa kayan sallarta, ta zauna a gefen tabarma tana gadin kwanon da ido.

Muna shirin zama sai ga mota a ƙofar gida. Wan Malam ne, wanda bai daɗe da zama kansila ba. Mutumin da ya saba zuwa aron keken Malam, yanzu in ba a ce masa Onarabul ba, ba ya waiwayowa. Ya shigo har tsakar gida, babbar riga na jan ƙasa, aka shimfiɗa masa darduma, aka yi ta gaisuwa kamar ba shekaranjiya aka rabu ba.

Malam ya leƙo madafa ya rage murya. "Kawo ma Yaya abinci. Ki sa mashi ƙundun."

"Malam, na ɗiyarka ne hwa. Kai da bakinka ka ce."

"Yaya na zaune in ba yarinya ƙundu? Mi za a ce da ni? Gobe sai a sawo wani."

Na ce ni dai hannuna ba zai kai shi ba. Sai ya ɗauki kwanon da kansa, ya bi ta gaban yarinyar, bai ko dube ta ba.

Har yau in na tuna, raina ɓaci yake. Onarabul ya jefa ƙundun a baki, yana tauna yana yi mana jawabi cewa yanzu mulkin farar hula ne, gwamnatinsu ta sa ilimin 'ya'ya mata a gaba. Mai yana bin gemunsa. Ya tambayi namijin na nawa ya zo, ya ce a ƙara himma. Ita kuwa da ke zaune da kayan salla a gabansa, bai tambaye ta komai ba, sai ruwan wanke hannu da ya ce ta kawo. Ta kawo, ta durƙusa ta zuba masa. Shi aƙalla bai san abin da ya ci ba. Malam ya sani sarai, shi ya sa haushinsa ya fi ci na.

Washegari Malam ya cika alkawari, ya sayo zakaran da ya fi na jiya girma. Na soya, na ware ƙundun a kwano. Ya kira yarinyar, ya buɗe kwanon da fara'a, ya tura gabanta.

Ta dubi ƙundun, ta mayar da murfin a hankali, ta tura masa.

"Baba, a aje. Ƙila a yi baƙi."