Ranar da Kawu Ilu Ya Dafa Tiyo

Duk wanda ya san Kawu Ilu bakanike a Kankara ya san dunƙulen kakin zuman da yake ajiyewa cikin hularsa. Daga garin Sabuwa ake kawo masa. In ka kai masa noti ko bakin bututu, ba ya duba lambar da aka buga a jiki. Sai ya ciro kakin, ya murza ya yi laushi, ya danna tiredin, wato zanen murɗin da ke jikinsa, a kai, ya matso da ido yana bin layukan da farce. Yakan ce wanda ya buga lambar nan bai san shi ba, bai san ubansa ba, don me zai ɗauki maganarsa.

Ƙanen mahaifiyata ne. Ni a makarantar allo nake koyarwa, amma ni ke rubuta masa awo da ajami, domin bokon ma bai aminta da shi ba. Daga baya na gano cewa in na rubuta, yana zagayawa ya kai wa wani malami ya karanta masa. Da na nuna ban ji daɗi ba, sai ya ce, “Ba kai nike zargi ba, Malam Sani. Alƙalamin ne ban sani ba.”

Da inci ya koyi aiki, a jikin tsoffin manyan motoci. Da aka fara shigo da motocin milimita sai duniya ta ƙara rikice masa. Ya lura notin inci yakan hau bututun milimita zagaye biyu lami lafiya, a na uku ya cinye tiredin. Irin waɗannan yake kira munafukai, har gwangwani ya ware musu don kada su zauna da sauran.

A shekarun da kuɗin fetur suka cika ƙasa, Alhaji Mamman na Yargoje, mai fataucin shanu, ya sayi mota ƙirar Jamus mai canza giya da kanta. A shekarar ne kuma Inna, mahaifiyata, ta samu kujerar Makka bayan ta daɗe tana jira. Gwiwoyinta ba sa barin ta hawa babbar mota, sai Alhaji ya yi alkawarin kai ta Kano. An ce ranar Alhamis da la'asar za a kira sunaye a sansanin alhazai, wanda bai amsa ba a ba wani kujerarsa.

Ranar Litinin Alhaji yana dawowa daga Faskari sai ƙarƙashin motar ya daki dutse. Akwai siraran bututun ƙarfe biyu da ke kai man giya lagireto ya huce ya komo. Ɗaya ya tsage dab da bakinsa, jan mai ya tsiyaye. Da igiya aka jawo ta wurin Kawu. Sabon bututu sai an aika Ikko. Abin da ya rage shi ne a yanke wurin da ya lalace, a haɗa da tiyon roba, a samo masa sabon kai da zai ɗauru a lagireton.

Talata muka tafi Funtuwa da kakin, bayan ya ɗauki shatin tiredin lagireton a kai. Mai sayar da kayan gyara ya miƙo wani kai mai walƙiya, ya rantse yana shiga kowace mota. Kawu ya dube shi ya ce, “Ko hulata ba ta shiga kowane kai, balle wanga.” Ya danna shi a kaki, ya jera da shatin lagireton, sai ga shi na inci ne. Haka ya sa mutumin ya zazzage akwatunansa har aka dace da na milimita can ƙasa, duk ƙura. Sannan ya sayi tiyo iri huɗu, kowanne kamu ɗaya, domin mai kayan ya yabi ɗaya daga ciki fiye da kima.

Laraba da safe na je garejin ina sa ran an kusa gamawa. Na tarar da shi tsugune gaban murhu, ya ɗora sabuwar tukunyar matarsa Hajo, ya zuba man giya, ya yanki tiyon nan huɗu ya jefa ciki yana juyawa da sukundireba. Na tuna masa gobe ce Alhamis. Ya ce ya sani, in zauna. Alhaji Mamman ya zo ya yi ta safa da marwa, yana cewa shi gyara ya kawo, ba walima ba. Kawu bai ko ɗaga kai ba.

Kusan azahar ya tsamo su. Ɗaya ne kaɗai bai canza ba, uku sun kumbura sun yi laushi kamar ganda, har da wanda aka yaba. Ya ce na ruwa ne, da ya ɗaura su da iyakarmu Malumfashi, man ya zube, giyar ta ƙone. Hajo ce ta leƙo ta ga tukunyarta, ta ce, “A cikinta zan yi maka miya, in ga ko kai ma za ka kumbura.”

Ya yanke bututun, ya buɗa bakinsa kaɗan da ƙusa da guduma don kada tiyon ya sulluɓe, ya ɗaure kowane gefe da maɗauri bibbiyu. Ya tayar da mota, ba ko ɗigo.

Alhamis bayan asuba muka fito da Inna, sai ga Kawu zaune a gaban mota da farin ƙyalle a hannu. Na tambaye shi ina zuwa. Ya ce aikin ne bai yarda da shi ba. Na ce ai shi ya yi da hannunsa.

“Shi ya sa,” in ji shi. “Na san ni.”

Ya tsayar da mu a Malumfashi, ya shiga ƙarƙashi ya goga ƙyallen, ya fito ya shinshina. Ya tsayar da mu a Dayi. Ya tsayar da mu inda babu gari ma, ya ce sai giyar ta huce ya taɓa da hannu. Rana ta yi ta tafiya. A Gwarzo Inna ta ajiye carbinta ta ce, “Ilu, in jirgin nan ya tashi ba ni, har gaban Allah zan kai ƙararka.” Daga nan bai ƙara cewa a tsaya ba, sai dai ya yi ta leƙa titi ta taga ko zai ga jan mai.

Mun shiga sansanin an riga an fara kiran sunaye. Daga cikin mota Inna ta amsa nata. Muna sauke kaya Kawu ya hango jirgi, ya tare wani ma'aikaci yana tambayarsa ko bututun da ke ciki na inci ne ko na milimita, kuma wa ya ɗaura. Da ƙyar na janye shi.

Da za mu rabu ya tsuguna kusa da Inna, ya yi ƙasa da murya, amma na ji. Ya ce, “Yaya, in kin ga ɗakin Allah, ki roƙa mani zuciyata ta kwanta. Na gaji da dube-dube.”

Da ta dawo ta ce ta roƙa masa, sau da yawa. Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi kwanciyar da ya nema. Amin.